Ɗanka mai sikila ya fi sa'anninsa ƙanƙanta? Ga abin da ya kamata mu sani



Akwai wata tambaya da iyayen yara masu sikila suka gaji da ji a wajen suna, a wajen awure, ko bayan an taso daga masallaci: "Wai wannan yaron ba ya cin abinci ne?" Mai tambayar ba da mugun nufi yake yi ba. Ya ga ɗan shekara 15 da jikin ɗan 12, ya ga ƙanensa ya kamo shi har ya wuce shi. Amma uwa takan koma gida da maganar a zuci, washegari ta shiga neman maganin ƙarin jini ko na ƙiba. Shi kuma yaron ya ji, ya haɗiye.

Ciwon nan namu ne, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna a kansa. A Gana, kusan jarirai 2 cikin kowane 100 da shi ake haihuwarsu, wajen 15,000 ke nan a shekara. A Najeriya wajen 150,000 ne. A nan Birtaniya ana haihuwar kusan 300 a shekara, da yawansu a Landan. Asibitin North Middlesex da ke Sterling Way, nan Edmonton, yana duba masu sikila yara da manya daga Enfield da Haringey. Kakanninmu sun san ciwon tun kafin likitocin Amurka su sa masa suna. Mu muna ce masa amosanin jini, Asante suna cewa ahotutuo, kuma Farfesa Felix Konotey-Ahulu na Gana ya bi sawunsa a cikin danginsa har zuwa shekarar 1670.

Abin da muke so kowa ya riƙe shi ne: yaro mai sikila yakan makara wajen girma, amma galibi yakan iso. Abin da za a sa wa ido shi ne layinsa a takardar awo, ba tsawon ɗan maƙwabta ba.

Ina abincin yake tafiya?

Jan ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120 tana aiki kafin ta mutu. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi. Saboda haka ɓargon ƙashi ba ya hutawa, dare da rana yana ƙera sababbi, kuma duk da haka ba ya cike giɓin. A takardar gwajin jini ta nan ƙasar, lambar jinin mai SS takan zauna tsakanin 60 da 90, alhali ta sa'ansa tana 120 zuwa sama. Da yake jinin bai kai ba, dole zuciya ta ƙara bugu don iska ta isa ko'ina a jiki.

Duk wannan aiki abinci yake ci. Masu bincike sun auna sun ga ko a kwance yake, jikin mai SS yana ƙona abinci fiye da na sa'ansa da wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100. Kamar murhun mai sayar da waakye ne, wutarsa ba ta mutuwa, gawayinsa ba ya kai wa kamar na gida. Ga kuma lokacin da ciwo ya tashi: zazzaɓi yana ƙara ƙona jiki, magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna kawo tashin zuciya da taurin bayan gida, yaro ya yi mako guda bai ci abin kirki ba. Abin da ya rage bayan jiki ya biya waɗannan basussuka, shi ne na girma. Shi ya sa nauyi ne yake fara ja baya, tsawo ya biyo.

To, kun ga ba rowar uwa ba ce, ba kuma tsirfar yaro ba.

Makara ce, ba tsayawa ba

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan daga Jamaika ta fito. Daga 1973 zuwa 1981, likitoci ƙarƙashin Farfesa Graham Serjeant sun gwada jinin jarirai 100,000 a Kingston, suka riƙa bin waɗanda aka samu da sikila tare da sa'anninsu masu AA har suka girma. Sun ga 'yan mata masu AA suna fara al'ada a wajen shekara 13, masu SC kusan 13 da rabi zuwa 14, masu SS kuwa sai sun wuce 15. Saurin tsawon nan da yara kan yi lokacin balaga, inda yaro zai ƙara santimita 8 zuwa 10 a shekara guda, ya makara da kusan shekara ɗaya da rabi ga masu SS. Amma da suka gama girma, tsawonsu ya zo daidai da na sauran.

Dalili kuwa shi ne, balaga ce take rufe bakin ƙashi. Wanda ya balaga da wuri, da wuri yake daina tsawo. Wanda ya makara yana nan yana ƙaruwa a shekara 18 ko 19, lokacin da abokansa sun daɗe da tsayawa. Sannu ba ta hana zuwa. Sai dai nauyi bai cika kamo tsawo ba, shi ya sa da yawan manya masu SS sirara ne.

A lura da bambancin SS da SC, domin a cikinmu masu SC suna da yawa. Jinin C ya fi yawa a arewacin Gana da Burkina Faso, inda da yawan iyalan Zango suka samo asali. Mai SC jininsa bai cika yin ƙasa sosai ba, girmansa yakan zo kusa da na kowa. Idan mai SC ya rame ko ya tsaya cak, kada a ce ai sikila ce a yi shiru, a je a binciki wani dalilin. Mai AS ko AC kuwa ba mara lafiya ba ne, kuma jininsa ba ya hana shi girma.

Jan littafi da layukan awo

Kowace uwa da ta haihu a nan tana da jan littafin nan na yaro. A cikinsa da kuma a fayil ɗin asibiti akwai takardar awo mai layuka tara: 0.4, 2, 9, 25, 50, 75, 91, 98 da 99.6. Ma'anarsu mai sauƙi ce. A jera yara 100 'yan shekara ɗaya daga gajere zuwa dogo. Wanda yake kan layin 9, yara 9 ne kawai ya fi tsawo. Wanda yake kan 50 yana tsakiya. Layin 50 ba makin cin jarrabawa ba ne. Yaron da ke kan layin 9 tun yana ƙarami, yana kuma bin sa shekara da shekaru, yana girma yadda ya kamata. Wanda ake jin tsoro shi ne wanda yake kan 50 ya gangaro 25, ya sake gangarowa 9.

A makarantun Ingila sau biyu ake auna yara: a ajin farko suna shekara 4 zuwa 5, da aji 6 suna shekara 10 zuwa 11. A sakandare babu wannan awon. Ke nan shekarun da girman mai sikila ya fi bukatar ido, su ne shekarun da makaranta ta daina aunawa. Wurin da ya rage shi ne asibiti, musamman babban dubawar shekara-shekara. Yaro ya ce lafiyarsa ƙalau ba sai an je ba, kada a biye masa. Idan an je, ku roƙi nas ta nuna muku inda ɗigonsa yake, da inda yake bara.

Ga alamomin da ba a jira da su. Nauyi ko tsawo ya tsallake layi biyu zuwa ƙasa. Yaro yana ramewa a lokacin da ya kamata ya ƙaru. Yarinya ta kai 13 ba ta fara ƙirgar dangi ba, ko ta kai 15 ba ta ga al'ada ba. Namiji ya kai 14 babu wata alamar balaga. Mun san maganar tana da nauyi a bakinmu, amma kunya ba ta maganin ciwo. Likita zai iya ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu ya ga shekarun ƙashin. Idan yaro yana 15 ƙashinsa yana nuna 13, albishir ne, domin akwai sauran lokacin tsawo a gabansa. Idan kuma akwai wata matsala, a tura shi wajen likitan da ya ƙware kan girma da balaga.

Kada kuma a ɗauki rama da wasa don mun ce makara ce. A Kano, likitocin asibitin koyarwa na Aminu Kano da na Murtala Muhammad, tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, sun bi yara masu sikila 'yan shekara 5 zuwa 12, suka gano cewa waɗanda nauyinsu ya gaza sun fi shiga haɗarin mutuwa da wuri. Masu aika kuɗi gida Nima, Aboabo, Ashaiman ko Kano saboda yaro mai sikila, ku tambayi nauyinsa kamar yadda kuke tambayar maganinsa.

An je neman ƙiba an samo rama

Abu na farko da hannu ke kaiwa shi ne kwalbar maganin ƙarin jini, ko a saya a shagon kayan Afirka ko a sa wani ya taho da ita daga gida. Yawancinsu sinadarin ƙarfe ne a ciki. Ƙarancin jinin mai sikila ba daga rashin ƙarfe yake ba, daga saurin mutuwar ƙwayoyin jini ne. Yaron da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ma ƙarfen yawa yake yi masa, domin kowace leda tana ɗauke da wajen miligiram 200, jiki kuma ba shi da hanyar fitar da shi. Sai ya taru a hanta, a zuciya, da kuma wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa wadda ita ce ke ba da umarnin girma da balaga. Ke nan abin da aka saya don yaro ya girma yana iya zama abin da zai ƙara danne shi. Shi ya sa ake ba irin waɗannan yara maganin fitar da ƙarfe, kuma barin shansa yana da tsada a jiki. Akwai mai sikilar da ƙarfe kan yi masa kaɗan, amma gwajin jini ne kawai zai nuna.

Na biyu su ne ƙwayoyin ƙiba, irin waɗanda a Kano ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dekzametazon ne ko danginsa. Kumburin fuska da ciki suke kawowa, suna raunana ƙashi, suna danne tsawo, suna rage garkuwar jiki, kuma ga mai sikila suna iya tayar da ciwo mai tsanani. Haka ruwan maganin nan Apetamin da 'yan mata ke gani a Instagram da TikTok. Ba shi da lasisi a Birtaniya, sayar da shi laifi ne, yana sa barci mai nauyi kuma yana iya taɓa hanta. Duk abin da za a ba yaro, har da na gargajiya, a ɗauki kwalbar a nuna wa likitansa tukuna.

Abin da yake taimakawa

Abincinmu na gida ya wadatar, sai dai a gyara yadda ake ba da shi. Mai sikila bai cika iya cinye babban kwano a zama ɗaya ba, don haka a raba masa sau biyar ko shida a yini. Koko shi kaɗai da safe ruwa ne, a haɗa da ƙosai, madara ko gyaɗa. Waakye da ƙwai da kifi, tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka da nama, miyar gyaɗa, tubani, wagashi, fura da nono, kontomire da zogale, duk suna gina jiki. Nama, kifi, wake da gyaɗa suna ɗauke da sinadarin zinki, wanda yakan yi wa masu sikila ƙaranci. Wani bincike a Amurka a 2002 ya nuna yaran da aka ba zinki na shekara guda sun ƙara tsawo fiye da waɗanda ba a ba ba, amma likita ne zai ce a ba da shi. Ana kuma iya roƙon a haɗa ku da masanin abinci na asibiti, kyauta ne a NHS.

Sai bitamin D, mai ƙarfafa ƙashi. Daga Oktoba zuwa Maris ranar ƙasar nan ba ta isa jiki ya samar da shi, mu masu baƙar fata kuma ko da bazara ba ma samun isasshe. Shawarar NHS ga irinmu ita ce maikirogiram 10 kullum, duk shekara.

Ruwa ma abinci ne a nan. Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa sosai, shi ya sa yake yawan fitsari, wasu har fitsarin kwance suna manya. Yaro ya ji kunya ya rage shan ruwa, ciwo ya tashi, a kwanta asibiti, nauyin da aka tara cikin wata uku ya zube. Dokar 2014 ta yara da iyalai ta wajabta wa makarantu su tallafa wa ɗalibi mai ciwo. Ku nemi a rubuta masa tsarin kula da lafiya: gorar ruwa a aji, fita bayi ba tare da dogon bayani ba, hutu da rigar ɗumi a lokacin wasanni.

Babban mai taimakon girma shi ne rage ƙarfin ciwon kansa. Maganin haidiroksikabamaid, wanda a gida aka fi sani da haidiroksiyuriya, yana ƙara irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa. Ƙwayoyin jini sukan ƙara kwana, tashin ciwo ya ragu, jiki ya samu rarar da zai yi girma da ita. Yana bukatar gwajin jini a kai a kai. Magani kyauta ne ga 'yan ƙasa da 16, da 'yan 16 zuwa 18 masu karatu cikakken lokaci. Bayan nan sikila ba ta cikin jerin cututtukan da aka yafe wa kuɗin magani, don haka a tambayi kantin magani batun takardar biyan kuɗi gaba ɗaya tun kafin lokacin ya zo.

Ɗaya gefen kwabon

Da kulawa ta inganta, asibitoci a Birtaniya da Amurka sun fara ganin abin da ba a saba gani ba: matasa masu sikila masu ƙiba, musamman masu SC da waɗanda magani ya karɓe su. Yaron da aka saba yi wa ɗura tun yana ƙarami, aka hana shi wasa don tsoro, ga shagunan kaza da dankali daga Edmonton Green har Angel a hanyarsa ta dawowa makaranta, ba wuya ya haye layin 91 ko 98 a awon nauyi da tsawo. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, amma sikila takan cinye kan ƙashin ƙugu, kuma kowane kilo na ƙari a kan wannan ƙugun yake sauka. Ga hawan jini, ga minshari mai yanke numfashi da dare, wanda ke rage iska a jini. Maganinsa ba horon yunwa ba ne. A rage lemon kwalba da soye-soye, a riƙa tafiya da motsa jiki daidai ƙarfi, da ruwa a hannu.

Azumi

Matashi yana so ya yi azumi kamar abokansa, kuma abin yabo ne. Amma yini babu ruwa yana iya tayar da ciwo, wata guda na rage ci kuma yana iya mayar da siririn yaro baya. Allah ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara. Ban da haka, wajibcin azumi da balaga yake tafiya, kuma a mazhabar Malikiyya wanda alamomi ba su bayyana gare shi ba sai ya cika 18, wasu mazhabobin suka ce 15. A zauna da likita da malam tun watan Sha'aban, kada a bar yaro ya yanke hukunci shi kaɗai don gudun gori.

Idan ciwon gadon ba sikila ba ne

Ɗigon jinin da ake ɗauka a dunduniyar jariri rana ta 5 ba sikila kaɗai yake nema ba. Yana neman wasu cututtukan gado da ke hana jiki sarrafa wani ɓangare na abinci, irin su PKU da MCADD. Ba su da yawa a cikinmu, amma wanda yake da su dokarsa daban ce. Mai PKU nama, kifi, ƙwai, wake da gyaɗa su ne ke cutar da ƙwaƙwalwarsa, da wani haɗi na musamman yake girma. Mai MCADD kuwa daɗewa babu abinci yana iya kai shi ga suma ko abin da ya fi haka. Shawarar abincin da muka kawo a sama ba tasu ba ce. Idan uwa ta ce ɗanta ba ya cin kaza, kada wata gwaggo ta ba shi a ɓoye don tausayi.

Gare ku matasa, gare ku iyayenmu

Ƙannenmu, jikinku bai lalace ba, agogonsa ne daban. Tun daga aji 9, kuna 13 zuwa 14, ya kamata asibiti ya fara shirya ku don komawa sashen manya, kuma kuna da damar ganin likita ko nas ku kaɗai na 'yan mintuna. Tambayar da ba za ku iya yi a gaban Mma ko Baba ba, ku yi ta a nan. Ku san nau'in jininku, lambar jininku ta kullum, da sunayen magungunanku. Idan tsokana a makaranta ta dame ku har kuna jin barin magani ko barin abinci, ku faɗa. Ƙungiyar Sickle Cell Society, wadda aka kafa a Landan a 1979, tana haɗa matasa da waɗanda suka riga su bin wannan hanya.

Iyayenmu da kakanninmu, Allah ya ƙara girma. Sunan wasa irin su "ɗan tsurut" ko "tsohuwar yarinya" dariya ne a bakin babba, a kunnen yaro kuwa yana daɗewa. Ɗan shekara 16 ɗan shekara 16 ne ko da jikinsa ƙarami ne. A ba shi girmansa, a aike shi aiken manya, a zaunar da shi cikin sa'anninsa. Uwarsa kuma a tambaye ta me za a taimaka mata da shi, maimakon me take ba shi.

A wannan makon, a lalubo jan littafin nan a duba ranar dubawa ta gaba. Idan an je, a yi tambaya uku: wane layi yake kai, ina yake bara, kuma balagarsa tana kan hanya? Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya. Amin.